Bashin Karatun Injiniya

"Wallahi Yaya Hayatu ba da sunana ba! Idan ka fasa, ka ce kai ka fasa, kada ka ce don Turai ne!"

Na faɗi haka ina tsaye bakin zauren gidanmu a garin Ƙofa bayan la'asar. Shi kuwa ya jingina kekensa, yana kallona kamar bai taɓa ganina ba.

Yaya Hayatu ɗan Gwaggo Hajara ne, ƙanwar Babana Shitu. Mun tashi tare, an sa mana rana bayan kakar gyaɗa. Ya gama sakandare, yana aikin malamin awon gyaɗa a Bebeji. Tun yana ƙarami ba abin da yake so irin inji, ko agogo ya samu sai ya kwance ya ga cikinsa. To, sai ga shi an ba shi gurbin karatun injiniya a kwaleji a Zariya, En'e, wato hukumar gargajiya, za ta ranta masa kuɗin. Ranar nan na ji a bakin mata wai ya ce ba zai je ba, aure zai yi.

"Haba Turaina, zauna mana ki ji..."

"Ina ji a tsaye."

Ya yi murmushin da ya san yana karya min zuciya. "Shekara huɗu fa ake yi. Bashin zai kai fam ɗari huɗu. Ni da nake ɗaukar fam takwas a wata!"

"Idan ka gama nawa za su ba ka?"

"An ce wajen fam hamsin."

"A shekara?"

"A wata."

Sai na zauna ban shirya ba. Ya fashe da dariya, ni ma na kasa riƙe tawa.

Amma dariyarsa ba ta daɗe ba. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Idan na ci jarrabawa ke nan. Idan na faɗi, ba digiri, ba aiki, ga bashi a wuya. Kuma kin san Inna. Ta ce muddin tana raye ba zan ci bashi ba."

Na san dalili. Mahaifinsa ya rasu da bashin wani fatake a kansa, sai da Gwaggo ta sayar da gonarsu kafin ta sauke shi.

"Kai fa, Yaya? Zuciyarka me take so?"

"Ke nake so... kuma ina son karatun nan har ba na iya cin abinci."

Washegari da hantsi na tafi gidan Gwaggo. Na same ta tana ɓarar gyaɗa a gindin darbejiya, na durƙusa na gaishe ta, na ja ƙwarya na sa hannu.

"Uhm, 'yar Shitu. Aiko ki aka yi?"

"Ƙafata ce ta kawo ni, Gwaggo."

"To ki ce da ƙafarki ta mayar da ke. Na ga abin da bashi ke yi wa gida. Ba zan sake gani ba."

Na kwantar da murya na gaya mata abin da Yaya ya faɗa min: ba a tambayar ko kwabo sai ya fara aiki, sannan a riƙa yankar kaɗan daga albashi.

Hannunta ya tsaya cikin gyaɗar. Can sai na ga hawaye ya ɗigo a kan zanenta.

"Shi kaɗai gare ni, Turai. Ya tafi Zariya shekara huɗu, wa zan kira in na tashi da ciwon ƙafa? Wa zan ji motsinsa a gidan nan?"

Ashe abin da ke cinta ke nan! Na kama hannunta, kunya ta rufe ni, amma na daure.

"Gwaggo, ni fa? A ɗaura auren kafin ya tafi. Ni zan zauna da ke, in yi miki tuwo, in shafa miki man zafi. Sai kin gaji da surutuna kin kore ni."

Ta ɗago ta harare ni da jajayen idanu. "Ke ko kunya ba ki ji? Yarinya na roƙon a ɗaura mata aure!"

Na rufe fuska da mayafi. Sai na ji tana dariya, tana dukan bayana.

Saura Babana, don En'e ta ce sai da mai tsaya masa a kan bashin. Yaya ya zo ya durƙusa gabansa a zaure, ni ina laɓe bayan ƙofa.

"Hayatu, in ka fara aiki, nawa za su riƙa cirewa?"

"Kamar fam goma sha biyu a wata, Kawu. Cikin shekara uku an gama."

"Abin da ya rage ya fi albashinka na yanzu?"

"Ya ninka shi fiye da sau huɗu."

"In ka faɗi fa?"

Yaya ya ɗago ya dubi Baba.

"In na faɗi, Kawu, zan koma awon gyaɗa in biya, ko da zai ɗauke ni shekara ashirin."

Baba ya shafa gemu. "Amsar da nake so ke nan. Na tsaya maka da fadamar rakena. Ke kuma da ke bayan ƙofa, numfashinki ya ishe mu, shiga gida!"

Na ruga cikin gida da gudu ina dariya ina kuka.

Aka ɗaura aure ranar Juma'a, dangi suka cika gida daga Yako da Ɗansoshiya. Amarcinmu bai yi nisa ba ranar tafiya ta zo. Motar gyaɗa da za ta kai shi Zariya ta tsaya a ƙofar gida, aka ɗora akwatinsa, Gwaggo ta sa masa albarka. Na yi alkawarin ba zan yi kuka ba, amma na kasa cikawa.

Direba ya yi ta murza hannun tayar da mota, ta yi tari ta mutu. Ya sake, ta ƙi. Sai ga Yaya ya diro, ya shigo zaure yana tuɓe sabuwar rigarsa, ya miƙo min.

"Riƙe min, amaryata, in duba musu."

Na karɓa, na matso kusa na raɗa masa, "Yaya... kada ka yi saurin gyarawa."

Ya ƙunshe dariya. "Irin wannan lalacewar, ai sai la'asar."

Daga bayanmu muka ji muryar Gwaggo, ashe tana jinmu.

"La'asar me? Ka duba da kyau, ɗan nan. Ni dai a ganina motar nan sai gobe!"