Kwalba Ɗaya, Hanta Biyu

Da hantsi aka kira Sufeto: wani kafinta ya mutu a asibiti, bayan ya wuni yana ihun ba ya gani. Kafin ya iso ofis, kofur har ya kulle matar mamacin, wai ita ta kawo kwalbar lemon da ya sha. Sufeto ya tsani irin wannan rawar kan.

"Ranka ya daɗe, a rufe na miƙa musu," in ji matar, tana kuka. "Shi da ƙaninsa suka sha."

Ƙanin, da ake kira Mai Fesa saboda shi ke fesa wa kujeru fenti, yana zaune a shago, garau da shi.

"Tare muka sha, yallaɓai, kofi ɗaya ma. Ni dai kwanana ne bai ƙare ba."

"Kana shan giya?"

"Ni? Ko warinta ba na so."

Sufeto ya gyaɗa kai kamar ya yarda, ya sa aka ɗebi jininsa, ya wuce asibiti.

"Sinadarin tsinka fenti aka zuba a lemon," in ji likita. "Hanta ce ke sarrafa shi ya koma dafi. Amma in ta samu giya sai ta shagala da ita, sinadarin ya fita ta fitsari."

"Jinin ƙanin fa?"

"Akwai sinadarin. Akwai giya kuma, ba kaɗan ba."

Sufeto ya fita. Ya biya wurin mai sayar da giya, sannan ya koma shagon ya janye gwangwanayen fenti da kansa. Ga kwalaben giya biyu a ɓoye, ɗaya wayam, ɗaya rabi.

"Da safe ka saye su, da rana aka kawo lemon. Yaya aka yi ka tanadi magani tun ba a sha dafin ba?"

Mai Fesa ya dubi kwalaben.

"Duk mai fenti ya san dabarar nan," ya ce a hankali. "Yaya ne ya ce zai kore ni daga shagon Baba."

Sufeto ya buga waya a saki matar, ya ɗaga rabin kwalbar. Ransa ya ɓaci ƙwarai.

"Yayanka yana ihu, kana tsaye, wannan tana bayan gwangwani. Da ka ba shi, da yanzu yana raye."

Kofur ya sa wa Mai Fesa ankwa. Har suka kai mota bai ɗago kai ba.