Turakun Gadon Sarkin Rumfa

A zamanin wani hakimi na Katsina wanda dattawa ba su son a kama sunansa cikin wannan labari, a shekarar da damina ta faɗi da wuri, Allah Ya yi wa Ummaru Sarkin Rumfa rasuwa a gidansa na Ƙofar Durbi. Sarautar ƙarama ce, amma tsohuwa: mai riƙe da ita shi ke kafa rumfar da hakimi zai zauna a duk taron da ya fita. Mutum biyu suka sa mata ido, Sada ƙanen mamacin, da Abbas babban ɗan Ummaru.

Gidan yana da turakun ƙarfe na gado, gajeru ne sumul, maƙeran dā suka ƙera su domin fakon ƙofar fada mai tauri. Al'adar gidan kuwa, duk wanda jama'a suka ga ya kafa rumfar hakimi da su, shi ne magaji. Tun ba a share makoki ba Sada ya kwashe su ya kulle a ɗakinsa.

Ana haka sai aka sa ranar naɗin wani dagaci a wani fili ta hanyar Batagarawa. Hakimi ya aiko cewa a kafa rumfa yadda aka saba, maganar sarauta sai an watse.

Filin jigawa ne, ga shi ya kwana yana shan ruwa. Sada ya taka, dunduniyarsa ta nutse. Kada wani ya ce jahilci ne. Mutumin da ya yi furfura da guduma a hannu ya san ƙasa mai laushi dogon turke take so, kakkaura mai kaushi, a karkata kansa baya da rumfa, a buga har ya kusa ɓacewa. Ya sani sarai.

Sai ga Abbas da dami a kafaɗa. Ya durƙusa ya gai da Sada, ya ce, "Baffa, ƙasag ga ta sha ruwa, gabas kuma ta yi baƙi. Ga turakun itacen kirya na sassaƙo. Ka kafa da su, ba ni faɗa ma kowa nawa ne."

Sada ya dube shi sheƙeƙe. "Wato in aje na kakanninmu in buga naka, hakimi shi gani? Yaro, wanda ya riga ka barci dole shi riga ka tashi."

Ya buga na gado. Kowanne ya shige kamar an soka tsinke a tuwo, amma ya ƙara jan igiya ya ɗaure.

Hakimi ya zauna, liman ya ɗaga hannu, sai iskar hadari ta taso. Sada yana tsaye yana kallo turke na farko ya zare, na biyu ya bi shi. Rumfa ta kumbura ta ɗaga, sandunanta suka yi kan hakimi. Jama'a suka sa salati.

Abbas ne ya yi tsalle ya cafke igiyar gabas, ya naɗe ta a hannun dama, ya kwanta da ita a ƙasa har dogarai suka fitar da hakimi. Da aka kwance igiyar, hannun ya karye a wuri biyu, yana reto. Sada ya durƙushe cikin taɓo yana ta "Innalillahi," ba wanda ya ko kalle shi.

Da aka koma fada Sada ya faɗi gaban hakimi ya ce, "Ranka shi daɗe, iska ce ta Allah."

Hakimi ya ce, "Iska ta Allah ce, Sada. Turke fa?"

Abin da aka rawaito shi ne, an naɗa Abbas bayan ya tashi daga jinya, amma hannun bai sake ɗaga guduma ba. Sada ne ya riƙa buga masa turaku har ƙarshen ransa, Abbas na tsaye da rawani yana nuna masa wuri, yana kuma ce masa Baffa.

Ni dai abin da ya fi ba ni tsoro a wannan labari, ba rashin sani ya ka da Sada ba. Son sarauta kan sa mutum ya ƙaryata idonsa da tsakar rana, Allah kuma Yana ba da mulki ga wanda Ya so, wani lokaci ta hannun mai hana shi.