Fiyanon da Ba Ta Lalace Ba

Ranar da ya fara shigowa shagon, Auta na sunkuye a kan wata tsohuwar amfilifaya, hayaƙin dalma na shiga mata ido. Shagon na Babanta ne, gyaran kayan sauti suke yi. Ita ce 'yarsa ta ƙarshe, wadda ta liƙe wa teburinsa tun tana ƙarama har hannunta ya faɗa. Masu kawo gyara Injiniya suke ce mata.

Ya yi sallama rungume da wata doguwar baƙar jaka.

"Sannu da aiki. Baba nake nema."

"Ya fita sayen kaya. Me ya samu?"

Ya dube ta, ya dubi jakar. "Ke ce za ki duba?"

"In kana jin tsoro ka zauna ka jira shi."

Ya yi dariya, ya zuge jakar. Fiyano ce ta lantarki, an goge ta fes, ko ƙura babu a tsakanin maɓallan. Ya ce Yatsu ake kiransa saboda saurin hannu. Shi ke kaɗa wa wata ƙungiya fiyano a wuraren biki da taro, kwana uku a sati kuma yana aikin ɗaukar waƙa a situdiyo.

"Maɓallan can ƙarshe, masu siririyar murya, sun daina fita sosai," in ji shi. "Kamar an lulluɓe su da bargo. Sifikar hagu ma ta yi sanyi."

Ta jona, ta danna su ɗaya bayan ɗaya, ta auna sifikokin. Ba ta ga komai ba. Duk da haka ta buɗe ta share robobin ƙarƙashin maɓallan, ta ce ya gwada.

Ya ɗora yatsunsa ya saki wani kiɗa mai sanyi. Auta ta manta da ƙarfen dalma a hannunta sai da ta ji zafinsa a yatsa.

Bayan sati ya dawo, da ƙorafin nan dai. Bayan wani satin ya sake dawowa. A zuwa na uku ya karɓi lambarta, wai don tambayar gyara. Da yamma saƙo ya shigo:

"Injiniya, fiyanon dai har yanzu da sauranta. Amma yau na fi jin daɗin hira da ke fiye da gyaran. Ki yi haƙuri in na yi azarɓaɓi."

Ta karanta ya fi sau biyar kafin ta rubuta: "Ka yi azarɓaɓi, amma an yafe."

Daga nan hira ta ƙullu. Shi ya koma kiranta Injiniyata, ita kuma in suna su biyu Sanyina take ce masa.

Baba bai makance ba. Wata rana yana ɗaure ƙusar wata lasifika ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Fiyanon yaron nan lafiyarta lau. Mai ita ne ba shi da lafiya."

Tsokana yake yi, Auta ma ta yi dariya. Amma maganar ta tsaya mata a rai. Ta tuna in tana magana Yatsu yakan ɗan karkato mata da gefen damansa. Waya kullum a kunnen dama. Rannan kuma ta kira shi sau biyu daga hagunsa bai waiwayo ba.

Kwana huɗu tana juya abin. In ta faɗa, wa ya sani ko ya ƙi ta? In ta yi shiru kuma, kullum yana tsaye kusa da manyan lasifikoki ana ƙara masa.

Da ya zo na gaba ta jona hedifon a fiyanon ta miƙa masa.

"Kaɗa. Wane gefe ne ya yi sanyi?"

"Hagu mana. Kin ji ko? Na gaya miki."

Ta cire, ta juya hedifon ɗin, na dama ya koma hagu, ta mayar masa a kai.

"Yanzu fa?"

Ya kaɗa. Ya sake kaɗawa. Sai yatsun suka tsaya a kan maɓallan.

"Hagu," ya ce a hankali.

Ya cire hedifon ɗin ya riƙe yana kallo.

"Wata shida ke nan ina jin wani ƙara a ciki, kamar kukan gyare," ya ce. "Na fi so a ce fiyanon ce."

"Mu je asibiti, Sanyina."

"In aka ji a waje, na gama. Wa zai ɗauki makaɗin da ba ya ji? Ki rantse ba za ki gaya wa kowa ba."

"Ban da Baba, ba na ɓoye masa abu. Amma a wajen aikinku ba mai ji daga bakina."

Likitan kunne ya ce ƙarar sauti ta shekaru ta ci na hagu, abin da ya tafi ba zai dawo ba. Na dama kuwa sai an sake aunawa bayan wata uku kafin a san ko shi ma ya kama hanya.

Auta ta shiga aikin da ta iya. Ta sauya masa tsarin kayansa gaba ɗaya. Ƙaramar sifikar da yake jin kansa da ita a kan dandamali ta dawo da ita damansa. Ta haɗa masa ɗan ƙaramin miksa a gefen fiyanon, don ya rage gangar da ke shiga kunnensa ba sai ya roƙi kowa ba. Ta samo masa robar toshe kunne irin ta makaɗa, ta ce ya daina tsayawa kusa da manyan lasifikoki ko da wa zai yi fushi. Duk ranar da yake da wasa ba ta iya cin abincin kirki sai saƙonsa ya shigo.

"An tashi lafiya, Injiniyata. Ba wanda ya gane. Kunnen bai yi kuka sosai ba yau. Allah ya bar min ke."

Da ta gaya wa Baba komai, har da cewa Yatsu na son turo manyansa, ya ajiye sukurdireba ya dube ta.

"Auta, ni ba kiɗa nake ƙi ba, da kayan kiɗan na ciyar da ku. Amma shekara talatin ina wannan sana'a, na ga makaɗa uku da kunne ya gudu ya bar su. Ɗaya har yau yana zuwa nan ya zauna, sai na rubuta masa magana a takarda. Na ga yadda zuciyarsa ta koma, na ga abin da matarsa ta sha. Ba zan miƙa ki da hannuna ba."

"Baba, ai ba a tabbatar ba tukuna."

"To kar ya turo kowa."

Ba ta iya ja da shi ba. Ta koma teburinta ta yi ta gyaran abin da ta riga ta gyara.

Ana cikin haka sai ga wata matsalar. Mai situdiyon da Yatsu ke aiki, wanda kowa ke kira Furodusa, ya daɗe yana kawo gyara shagon, ya daɗe kuma yana yi wa Auta maganar aure tana zillewa. Ranar da ta je situdiyon duba wayoyinsu, ta yi amfani da damar ta matsar da sifikar Yatsu zuwa dama. Furodusa na tsaye yana kallo, mai gangar ƙungiyar na gefe yana ɗaure fatarsa.

"Injiniya, me ya sa kika mayar da ita can?"

"Wayar ta fi kai wa nan."

"Ko dai mutuminki kunne ya fara tafiya? Waƙoƙin da ya haɗa kwanan nan duk ya cika musu tsini, har suna sukar kunne."

"Ni gyaran waya ya kawo ni," ta ce, ta tattara kayanta ta fita.

Bayan kwana biyu saƙon Yatsu ya shigo tana tsakiyar aiki:

"An sallame ni daga situdiyo. Furodusa ya ce Injiniyata ce ta sa ya gane. Kin yi min alkawari. Na gode."

Ta kira, bai ɗauka ba. Ta kira har wayar ta yi zafi. Ta rubuta:

"Wallahi ban faɗa ba. Ka ɗauka ka ji ni, ko minti ɗaya ne."

Ba amsa. Kwana tara ba amsa. Ta rame, ta ƙona wata rediyo da ba abin da ya same ta sai ɗan fis. Umma ta yi tambaya har ta gaji. Abin da ya fi cin ranta shi ne ba ta san ko yana toshe kunnen ba, ko ya koma tsayawa gaban lasifika don fushi.

A rana ta goma mai ganga ya shigo ɗauke da baƙar jakar.

"Ya ce a ajiye a nan a nemo mai saye. Ya bar kiɗa."

Auta ta jawo jakar ta tura ƙarƙashin teburinta.

"Ka gaya masa ba na karɓar kaya a hannun ɗan aike. Ya zo da ƙafarsa. Kai kuma, yayana, kana wurin ranar nan. Me na ce wa Furodusa?"

Mai ganga ya zaro ido. "Au, wai abin da ya haɗa ku ke nan? Shi ai bai gaya wa kowa dalili ba! Kin ce wayar ce ta fi kai wa. Bari in je."

Kafin la'asar sai ga Yatsu. Ya tsaya a bakin ƙofa kamar baƙo, idanunsa sun faɗa.

"Na zalunce ki," ya ce. "Tsoro ne ya rufe min ido. Ina neman wanda zan ɗora wa laifi, sai na ɗora wa wadda ta fi kowa tsaya min."

"Kwana tara, Yatsu. Ko 'ina raye' ba ka rubuto ba."

"Ki yafe min, Injiniyata."

"Ka toshe kunnen a kwanakin nan?"

Ya ɗaga kai alamar e. Sai a lokacin hawayenta ya zubo.

Baba na daga ciki yana jin komai. Yatsu ya wuce wurinsa ya durƙusa, ya zaro takardar asibiti daga aljihu ya miƙa da hannu biyu.

"Baba, ga gaskiyar lamarina, ba na son ka ji a bakin wani. Na hagu ya tafi. Na dama ban sani ba sai ranar Laraba mai zuwa. Zan rage wasan dandamali. Akwai makarantar da ta daɗe tana nema in koya wa yara fiyano, zan karɓa. In Allah ya ƙaddara na daina ji gaba ɗaya, ina da hannu, zan koyi wata sana'ar. Abin da ba zan sake yi ba shi ne in huce a kanta."

Baba ya karanta takardar, ya ninke, ya mayar masa.

"Tashi ka je. Allah ya ba da lafiya."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Kwanakin da suka rage Auta ta yi su tana leƙen fuskar Babanta ba ta karanta komai ba.

Ranar Laraba da safe ta fito za ta tafi asibitin, sai ta tarar da Baba ya kulle shago ya sa hularsa ta fita.

"Mu je," ya ce.

Suka zauna su uku a kan dogon benci a bakin ofishin likita. An riga an shiga da Yatsu ɗakin gwaji an fito, sakamako ake jira. Yatsu sai kaɗa gwiwa yake. Duk ƙofar da aka buɗe sai sun zabura.

Baba ya yi gyaran murya. Ya taso daga inda yake ya zagayo ya zauna a daman Yatsu.

"Yaro, ka ji ni da kyau tun ba a kira mu ba. Ka turo manyanka ranar Asabar."

Yatsu ya juyo da sauri. "Baba, ai ba a faɗi sakamakon ba."

"Shi ya sa na faɗa yanzu. In na jira takarda, kunne na bai wa 'yata ke nan. Wanda na ba wa shi ne wanda ya durƙusa gabana ya faɗi abin da zai iya ɓoyewa. Ke Auta, kin amince ko me likita ya ce?"

Ta rufe fuska da mayafi. "Na amince, Baba."

Sai ga ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta kira su. Likita ya ɗora takardu biyu gefe da gefe, ya bi layukan da biro. Na hagu yana nan yadda yake, za a ba shi na'urar ƙara ji. Na dama bai motsa ba ko kaɗan. Ya ce in ya ci gaba da kiyayewa yadda yake yi, ba abin tsoro. Ya tambaya wa ya tsara masa kayan wasansa.

Yatsu ya nuna ta.

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. 'Yan ƙungiyarsu suka cika gidan, yaran makarantar da yake koyarwa suka zo da iyayensu, Umma ta yi kuka ta yi dariya. Da za a tafi da amarya Baba ya riƙo hannunta ya daɗe bai saki ba.

"Allah ya yi muku albarka," ya ce. "Allah ya zaunar da ku lafiya, ya ba ku haƙuri da juna, ya ba ku zuri'a ta gari. Sai dai ka sani, angon nan, mata na ba ka, ban ba ka ma'aikaciyata ba. Sati biyu kawai na yafe mata."

Gidan ya ɗauki dariya, aka amsa da amin. Auta ta shiga mota hawaye da murmushi na gasa a fuskarta, ango ya rufe mata ƙofa a hankali.