Taswirar da Aka Hura Wuta da Ita

Ranar da abin ya fara, an wuni ana ruwa a unguwar Alibandeng, irin ruwan da ke sa bango gumi. Gas ya ƙare, gawayi ya jiƙe, magariba ta kawo kai, Kamila kuwa ba ta ɗora tukunya ba.

Mijinta Ilyas mai gyaran talabijin ne a unguwar Oloumi, amma ransa yana kan tsofaffin wasannin kaset da yara suke jonawa a talabijin a zamanin da. Ba ma kaset ɗin ba, 'yan littattafan da ke koya yadda ake wasan. Ya samo kwali guda cike da su a wani tsohon shago da za a rushe a unguwar Glass, danshi ya fara cinsu. Kullum da yamma sai ya ɗora shafi a gilashin sikana, haske ya bi ta ƙasa, hoton ya shiga kwamfuta, ya tura wa abokansa na intanet masu tara irinsu don kada su ɓace. Wanda ya gama yana ajiyewa a hagu, wanda bai taɓa ba a dama.

Kamila ta sha jin yana cewa abin da ya shiga kwamfuta ya tsira. Sai ta leƙa ɗakin, ta zari takarda daga hagu. Ba ta tsaya ta tuna cewa hagun mai tsayuwa ta ɗaya gefen tebur shi ne hannun daman mai zama ba. Taswirar wani wasa ce mai ninki, da gidan sarauta, da rijiyoyi, da ƙofofi. Ta ɗan jima tana kallonta don ta yi mata kyau, sannan ta cusa ta ƙarƙashin gawayi, ta ƙyasta ashana. Ko bisimilla ba ta yi ba.

Wutar ta kama da wani irin sauti, kamar yaro ya ja numfashi zai fashe da kuka.

Kafin shinkafa ta nuna, dutse ya faɗo kan kwanon rufi. Sai wani. Ilyas ya zagaye gidan da tocila, babu kowa. Washegari da magariba ma haka.

"Maman Nafissa, ba ki ga wata taswira a nan ba?" Ilyas ya tambayi Kamila.

"Wace iri?" ta ce, ba ta ɗago daga wanke-wanke ba. Ruwan kwanon ya yi mata sanyi har cikin ƙashi.

Daga nan abin ya sauka kan 'yarsu Nafissa, wadda ta shiga lakwal, wato makaranta, bana. Ta daina cin abinci. Da rana ta faɗi sai ta miƙe tana shafa bango da tafin hannu. Yarinyar da rabin maganarta Faransanci ne, sai ga ta da Hausar tsofaffi, muryarta a shaƙe: "Ina ƙofar? Ina ƙofar take?"

Aka kira Malam Abdulgani. Ya zo bayan la'asar, ya zauna a tabarma, ya kama goshin yarinyar, ya fara karatu a hankali. Ɗakin ya yi tsit, har ana jin ɗigar ruwa daga indararo. Can jikinta ya sandare.

"Wace ce ke?" in ji Malam.

Muryar nan ta fito daga bakin yarinyar: "Mun riga littattafan zama a kwalin nan. Maigidan nan ya kwaso mu daga Glass, muka yi shiru. Ya dinga haska mu da fitilarsa, muka yi shiru. Ɗana yana cikin taswira yana wasansa aka cinna mata wuta. Shi bai ƙone ba, hanyar fitarsa ce ta ƙone. Tambayi mai dafa shinkafa."

Ilyas ya juyo. Kamila ta ja mayafi ta rufe baki.

"Ni ce, Baban Nafissa. Na zaci ka gama da ita."

"Tata za ta zauna a hannuna har nawa ya fito," in ji muryar.

"Ki ji tsoron Allah," in ji Malam. "Yarinya ba ta ƙona miki komai ba. Faɗi abin da za a iya."

"A mayar da taswira."

Ilyas ya sunkuyar da kai. Bai ɗauki hotonta ba, abokansa ma babu mai ita.

"Allah gafarta Malam," Kamila ta ce, da ƙyar ake jinta, "na kalle ta. Bari in gwada."

Ta ɗauko fensiran kala na Nafissa, ta durƙusa a ƙasa. Ta zana gidan sarautar, ta zana rijiyoyin. Da ta zo ƙofar ƙarshe sai ta tsaya. Hagu take ko dama? Ta rufe ido, ba ta ga komai ba sai wuta tana cin gefen takarda. Ta zana ta a hagu.

Idanun yarinyar suka bi zanen a hankali.

"In daidai ne, kun huta. In ba daidai ba, na san gidan," in ji muryar.

Malam ya sa mai muryar ta rantse za ta saki yarinyar, ya ci gaba da karatu. Nafissa ta yi atishawa, ta yi laƙwas, sannan ta nemi ruwa da Faransanci.

Aka sa zanen a kwalin, aka rufe. Jifan ya tsaya, Ilyas kuma bai sake tayar da maganar ba. Amma har yau, in magariba ta yi, Kamila takan tsaya da ludayi a hannu tana sauraron rufi. Domin wani lokaci in ta rufe ido, a dama take ganin ƙofar.