Uwar Baftismar Katrin

"Me kika ce kin yi?"

Teta Wadiya ta saki matsamin suya ya faɗa cikin mai. Jikarta Jumana na tsaye a bakin kicin, gaban rigarta sharkaf da ruwa da man zaitun, bakinta har kunne.

"Ni na karɓi Katrin daga ruwan baftisma, Teta! Ni ce uwar baftismarta! Imm Mitri da bakinta ta kira sunana a gaban kowa..."

"Kin amsa alkawarin a madadin yarinyar?"

"Na amsa."

"Kin tofa wa Shaiɗan yawu sau uku? Abuna limamin coci ya rubuta sunanki?"

"Duka an yi. Wai mene ne? Kin tsare ni da ido kamar na fasa miki tulun mai!"

Tsohuwar ta lalubi kujera ta zauna. Ƙullin da take soyawa na idin Gitas ya fara ƙonewa, ba ta ko waiga ba.

"Sun gama da ke, 'yar nan," ta ce a hankali. "A cikin ɗakin Allah suka gama da ke."

A Kuwait Jumana ta girma, can kuma take aikin jinya. Sau ɗaya a shekara take zuwa ƙauyensu da ke tuddan Kura, ta yi Kirsimeti da kakarta, ta koma bayan Gitas, idin baftismar Almasihu. A zuwan bara ne ta je sayo wa Teta mai a wurin matsar zaitun na Mitri, ta tarar da shi yana cika galan da hannu ɗaya, ɗayan hannun riƙe da jaririya mai tsala ihu. Matarsa ta rasu wajen haihuwar yarinyar, Katrin. Jumana ta karɓe ta don ya samu ya rufe galan, yarinyar ta yi tsit a kafaɗarta.

Daga nan ne fa.

Shekara guda suna waya. Yana ce mata hasken idona, tana ce masa mai ƙamshin zaitun. Suka ajiye magana a kan bana za su je wurin Abuna a sa rana.

Ita kuwa uwarsa, Imm Mitri, ba ta taɓa ɓoye ƙiyayyarta ba. A cewarta 'yar Kuwait ba za ta iya zaman ƙauye ba, janye mata ɗa da jika za ta yi zuwa cikin rairayi. Tana da tata a hannu, Randa 'yar maƙwabta, wadda ta iya kawo mata miyar waken adas da tsegumi duk yamma.

Sai ga shi bana matar ta sauya kamar ba ita ba. Ranar Kirsimeti ta sumbaci Jumana a kumatu sau uku, ta zaunar da ita kusa da ɗan kogon haihuwar Almasihu da aka ƙawata da tsiron alkama, ta zuba mata faten shinkafa mai kirfa da hannunta.

"Ci, 'yata, kin rame."

'Yata! Jumana ta yini tana juya kalmar a ranta. Wanda ya daɗe yana jiran a so shi ba ya tsayawa bincike.

Yau da safe, ana tsaye gaban kwamin baftisma, aka ce wadda za ta karɓi yarinyar zazzaɓi ya kwantar da ita. Imm Mitri ta waiga, ta miƙo farin tawul.

"Jumana, zo. Wa ya fi ki son yarinyar nan?"

Ta je da gudu-gudu, har tana tuntuɓe.

Yanzu ga Teta na faɗa mata abin da duk tsohuwar ƙauyen ta sani, abin da ba wanda ya koya mata a Kuwait.

"Wadda ta karɓi yaro daga ruwa ta zama uwarsa a gaban Allah. Uban yaron kuma ya zama ɗan'uwanta. Ana auren ɗan'uwa?"

"Teta, daina wannan wasan..."

"Da ƙafafuna na da lafiya, da na je cocin nan, wallahi da sai na fizge tawul ɗin na tattake shi!"

Jumana ba ta ko sauya riga ba. Ta haura tudu a guje, ta tarar da Abuna Saman yana kulle ƙofar coci. Ya saurare ta har ta gama, ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi da gefen rigarsa.

"Me ya hana ku gaya mini akwai magana tsakaninku, 'yata?"

"Yau za mu zo, Abuna! Yau ɗin nan da yamma!"

"Da kun zo jiya."

"Ku goge sunana. Ku sake yi da wata!"

"Baftisma ɗaya ce, ba a maimaita ta."

"To ku rubuta wa Mutran, ai shi ne babba a kanku..."

"Zan rubuta, tunda kin roƙa. Amma shekarata arba'in a nan, ba zan yi miki ƙarya in ce ki sa rai ba."

Kwana biyu ba ta fita ba. Maƙwabta na ta shigowa da gaisuwar idi, suna yi mata barka da samun ɗiya. Har Randa ta zo, lafiyarta garau, da farantin alewa.

"Barka, uwar Katrin! Ashe rabonki ne. Ni da aka sa tun farko sai zazzaɓi ya yi mini shigar sauri."

Teta ta karɓi farantin ta ajiye wa kaji.

Mitri ya kira ya fi a ƙirga, ba ta ɗauka ba. So take ta ga idonsa. Akwai sauran hanya ɗaya, kowa a ƙasar ya san ta: jirgi zuwa tsibirin Kubrus, a ɗaura auren kotu, a dawo a jure wa bakin mutane. Ita ta shirya. Ta shirya a hana ta cin jibin Ubangiji, ta shirya Teta ta yi kuka. In dai ya ce mata taho.

Rana ta uku uwar baftisma ke yi wa yaro wankan farko, ta wanke masa tsattsarkan man, ta zubar da ruwan inda ƙafa ba ta takawa. Ba wanda zai yi sai ita, don haka ta je gidan su Mitri.

Imm Mitri ta tare ta da hannu biyu.

"Maraba da 'yar gida! Yanzu kam ba mai raba mu har abada."

"Haka ne, Tanti. Kin iya ɗinki."

Katrin na ganinta ta saki kowa ta taho tana tangaɗi. "Juju! Juju!" Jumana ta wanke ta a baho, yarinyar na fantsama mata ruwa tana ƙyalƙyala dariya. Ta naɗe ta a tawul ɗin nan dai, ta miƙa wa kakarta, ta ɗauki bahon ta nufi bayan gida.

A gindin tsohon zaitun ta sami Mitri. Ya rame, gemu ya fito masa.

"Hasken idona..."

"Mitri, akwai jirgin Kubrus ranar Asabar."

Ya kau da kai.

"Ka ji ni? Ni na yarda. Duk abin da za a ce, a ce!"

"Jumana, ki ba ni lokaci. Mama na da hawan jini. Katrin kuma a garin nan za ta tashi, yara za su riƙa nuna ta. Ko zuwa Kirsimeti mai zuwa..."

Ta dube shi da kyau. Bai yi kama da wanda aka yi wa ba-zata ba. Ya fi kama da wanda ya kwana uku yana jiran a kama shi.

"Ka san dokar nan?"

"Jumana..."

"Da ta miƙo mini tawul, ka sani?"

Ya sunkuyar da kai.

"Na tuna. Kina miƙa hannu na tuna. Na buɗe baki... coci a cike, Abuna na jira, yarinya na kuka. Ta yaya zan kunyata uwata a gaban gari?"

Taku uku ne tsakaninsu a ranar. Kalma ɗaya ta isa, ko da sunanta ne kawai.

Abin mamaki, ba ta yi kuka ba. Sai dai ta ji son da ta yi shekara tana reno ya kwanta shiru a cikinta. Imm Mitri ta yi nata, wannan ba abin mamaki ba ne. Shi ne ya tsaya yana kallo.

Ta durƙusa, ta tsiyaye ruwan a hankali a jikin saiwar, man na kyalli a sama har ƙasa ta shanye.

"Ki ce wani abu, don Allah, rabin raina..."

Ta miƙe, ta kife bahon ta ba shi.

"Duk Kirsimeti zan zo in ga Katrin, na yi wa Allah alkawari a kanta. Zan kawo mata riga, in kai ta coci da hannuna."

"Ni fa?"

Daga cikin gida yarinyar na ta kiran Juju. Jumana ta goge hannunta a siket.

"Kai ai ka riga ka zaɓa. Sai wata shekarar, ɗan'uwana."