Muryar Cikin Amsa-kuwwa

Da almuru Tahiru yana shagonsa a Gaya yana harhaɗa sabuwar ordinater, wato kwamfuta, saura ya jona wayar sauti jikin babban allon cikinta. Sai wani tsoho mai rawani ya shigo ba sallama, rigarsa na ɗigar ruwa, yana warin laka.

"Kai yaro, kan hanyata ka kafa shago. Kwashe komatsanka."

"Baba, fita mini. Ba inda za ni."

Tahiru ya ba shi baya a fusace, ya cusa wayar. Na'urar ba wuta, amma amsa-kuwwa ta fara numfashi.

"Juyo ka maimaita," in ji muryar tsohon daga cikinta.

Tahiru ya juyo. Rawanin tsohon ya zame. Ƙasan hancinsa babu baki, fata ce kawai.