Goro Kafin Jirgi

A cikin gbaka, ƙaramar motar haya ta unguwar Adjamé a Abidjan, Idris ya fara ganin Sakinatu. Ya taka mata ƙafa, ya ce, "Pardon, yi mini haƙuri."

Ta dube shi ta gefen mayafi. "Ashe Bahaushe ne. Wannan Hausar taka a kanti ka sayo ta?"

Shi ke nan, Idris, malamin lissafi na wata makaranta a Saint-Michel, ya wuce inda zai sauka bai sani ba.

Idris haifaffen Abidjan ne, Faransanci ya fi zama a bakinsa. Ita kuwa 'yar Alhaji Inusa ce, mutumin Konni da ya tsufa yana sayar da atamfa a kasuwar Treichville. Tana ce masa Metir, wato malam da Faransanci, yana ce mata Sakina tawa, soyayya ta yi nisa.

Da aka ba shi gurbin ƙaro karatu a Faransa, sai gogan naka ya saka kwat, ya tafi gidan Alhaji shi kaɗai, ya kalli tsoho ido cikin ido. "Alhaji, ina son 'yarka, na zo neman aurenta."

Alhaji ya zuba masa shayi, ya tambaye shi makaranta da ruwan sama, ya raka shi ƙofa. Idris ya ɗauka an ƙi shi, ya ɗauke ƙafa. Sakinatu ta ɗauka Faransa ce ta shiga kansa. Kowa ya yi ta cin zuciyarsa shi kaɗai.

Ranar tafiya ya hau babbar mota a tashar Adjamé zuwa Akara, inda zai kama jirgi washegari. Baffa Nomau, ƙanin mahaifinsa marigayi, ya zauna gefensa don ya raka shi bakin iyaka. Suna hawa gadar Treichville hanya ta cushe. Gaba mota, baya mota, ƙasa ruwa, tagogi kuma ba sa buɗuwa. Zufa ta jiƙe Idris, yana hango rufin unguwar su Sakinatu.

Wayarsa ta yi ƙara. Saƙo ne daga Sakinatu.

"Metir, Allah ya kiyaye hanya. Yau bayan la'asar dattawan Lukumanu mai shago a kasuwar Black Market za su kawo goro. Na gaji da ce wa Baba ya jira wanda bai tambaya ba."

Nan take ya rubuta: "Sakina tawa, na tambaya! Shayi ya ba ni."

"Kai ka zo. Ina manyanka? Baba bai ce a'a ba. Har yau ba wanda ya tambaye shi."

Ya karanta wa Baffa, ya kwashe labari ya faɗa masa. Tsoho ya cire hula ya dafe kai.

"Kai kaɗai? Ba goro, ba babba? Ni na mutu ne, Idi? Wallahi mutumin nan ya yi maka kara da bai sa an kore ka ba. Tashi!"

Direba ya ce ba ya buɗe ƙofa a kan gada, kuma akwatin Idris na ɗaure a sama ƙarƙashin kayan mutane, ba mai kwance shi. Wata mai sayar da kifi ta ji abin da ake ciki, ta ce, "Yako, sannu ɗana," sannan ta daka tsawa, "Shofer, buɗe musu, aure ne!" Mota duka ta ɗauka. Ƙofa ta buɗe.

Idris ya ɗaga kai ya dubi inda littattafansa da rigunan sanyinsa suke. Ya taɓa fasfo a aljihu, ya sauka.

Da ƙafa suka ƙarasa gadar. Baffa ya sayi goro a kasuwa, ya ɗauko dattawa a masallaci, ya ajiye Idris a shagon wani tela daura da gidan Alhaji. "Zauna nan. Ka leƙo, na fasa."

Nan ya zauna kamar ɗaure, yana kallon ƙofar gidan. Aka yi la'asar. Sai ga dattawan Lukumanu cikin manyan riguna sun shige. Idris ya miƙe, ya koma ya zauna.

Wayar ta sake ƙara. "Baba ya kira ni gaban Inna, ya ce wane goro za a raba. Na faɗi sunanka, Metir. Da ƙarfi ma."

Baffa ya fito yana murmushi. "Alhaji ya ce ba ya ajiye 'yarsa a kan alkawarin matafiyi. In da gaske kake, a ɗaura yau."

Bayan magariba aka shafa fatiha, Baffa ya ba da sadaki. Alhaji Inusa ya riƙe hannun Idris. "Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuriya tagari."

Da asuba Sakinatu ta raka shi bakin titi, inda ƙananan motocin iyaka suke lodi. Idanunta sun yi ja, amma tana dariya.

"Sakina tawa, in jirgin ya tashi ya bar ni fa?"

"Sai ka dawo gida, matarka na nan." Ta gyara masa wuyan riga. "Je ka, mijina. Allah ya kai ka lafiya, ya dawo mini da kai."